Bangon da Ba Ya Son Siminti

Ranar da suka fara haɗuwa, ta kama shi ne yana sharara ƙarya.

Yana tsaye a ɗakin baya na tsohon gidan tarihi, baƙi goma sha biyu sun kewaye shi da kyamarori, yana nuna musu bangon ƙasa mai zanen tsuntsaye. "Wannan bango ya shekara dubu," in ji shi, har da dafa ƙirji.

"Ɗari biyu da talatin," wata murya ta faɗa daga saman tsani.

Ya ɗaga kai. Budurwa ce riƙe da ɗan buroshi mai laushi, ƙura ta yi mata fari a gira. 'Yar mai kula da gidan ce, ta karanto gyaran kayan tarihi ta dawo tana taya mahaifinta. Shi kuwa sabon ɗan rakiyar baƙi ne, ana kiransa Aku saboda bakinsa ba ya hutawa. Ran nan dai bakin ya mutu murus.

Kafin yamma ya samo lambarta.

"Malama Buroshi, na karɓi gyara. Amma shekara ɗari bakwai da saba'in da kika ƙwace min fa?"

"Ka daina ƙarya a gaban bangona, sai mu shirya."

Suka shirya kuwa, har shirin ya wuce inda suka zata. Cikin wata shida ya koma ce mata Sanyin Idona, ita kuma in ya yi shiru na awa ɗaya sai ta kira ta ji ko lafiya.

Baba, mahaifinta, shi ne bai shirya ba. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da makullan gidan nan, kuma ba ya ganin ɗan rakiya da gashi. "Mai sayar da surutu zan ba 'yata?" ya ce wa Mama. Hankalinsa ya fi kwanciya da Injiniya, ɗan amininsa, wanda ke gina wa baƙi banɗaki a harabar gidan, yana kuma yawan neman dalilin shiga ɗakin baya.

Abin ya dami Aku ƙwarai. Da Baba da 'yarsa suka yi tafiyar kwana uku dubo Gwaggo, sai ya tuna tsagar da ta fito a bayan bangon tsuntsayen, wadda Baba ke kallo kullum yana tsaki. Ya sayo siminti, ya cire riga, ya shafe bayan bangon sumul. Ya ɗauki hoto ya tura.

"Sanyin Idona, kalli abin da na yi wa Baba. Yanzu ya ce ban iya komai ba!"

Minti ɗaya ba a yi ba ta kira. "Me ka yi? Don Allah ka ce min wasa kake."

"Ai gyara na yi."

"Bangon ƙasa numfashi yake yi! Damshi yana tasowa daga tushe ya fita ta baya. Ka toshe bayan, yanzu ta gaba zai fito, ta cikin zanen. Ruwan farko in ya sauka, fentin zai zubo kamar ɓawon gyaɗa."

Ya dubi sama. Damina saura mako uku, in ma ta yi haƙuri.

Washegari da hantsi suka dawo, Baba ya tsaya a bayan bangon, ya ɗora tafinsa a kan simintin. Sannan ya juya kan Injiniya, wanda buhunan simintinsa ke jibge a gefe.

"Ɗana, kai da na ɗauka mai ilimi? Leburorinka ka sake min a gida?"

Injiniya ya shiga rantse-rantse, Baba bai ko saurare shi ba. Aku yana tsaye a wurin. Shiru kawai zai yi, abokin takararsa ya tafi har abada. Ya dubi Malama Buroshi, ta sunkuyar da kai, ba ta tona shi ba, ba ta kuma kalle shi ba.

"Baba, ni ne," ya ce. "Ba ruwansa. So na yi in burge ka."

"To, ka burge ni," in ji Baba a hankali. "Kada in sake ganin ƙafarka a ƙofar gidana."

Kwana biyu ba ta ɗaga wayarsa ba, abinci ma ya daina shigar masa. A na uku saƙo ya shigo.

"Har yanzu ina fushi da kai. Baba ya hana ka gidansa, bai hana ka bayan bango ba. Ka zo gobe da ƙaramar guduma da cizal, ƙarfen sassaƙa."

Injiniya ya kawo shawarar a sa inji a ɓamɓare simintin cikin awa ɗaya. Da aka ce girgizar za ta zubar da zanen, sai ya yi dariya. "To, a rushe mana, a zana sabo. Baƙi ina za su gane?" Baba ya dube shi sama da ƙasa, daga ranar bai sake ce masa ɗana ba.

Haka aka fara aikin. Aku yana waje yana ƙwanƙwasa simintin kaɗan-kaɗan, ita tana ciki ta ɗora tafinta a kan zanen, wayarta a kunne. Da ta ji bangon ya motsa sai ta ce, "Tsaya!" Ya tsaya cak. Wata rana taƙi biyu kawai suke ci. Hannunsa ya yi kanta, ya fashe, ya sake yin wata.

"Sanyin Idona, kin yafe min?" ya tambaya a rana ta tara.

"Buga a hankali, Akuna. Ka ji na ce Akuna, ai ka samu amsa."

A rana ta goma sha shida hadari ya haɗo tun azahar, saura wani yanki kamar faɗin faranti. Tsoro ya sa ya ƙara ƙarfi. Sai ya ji ta yi ƙara a waya. Fiffiken tsuntsu ɗaya ya faɗo a tafinta, ya zama gari.

Ya ajiye gudumar, ya zauna a ƙasa, hawaye na zuba. Shi ke nan, ya ce a ransa, ya rasa bango ya rasa yarinya.

Wata inuwa ta tsaya a kansa. Baba ne, ya naɗe hannun riga, yana ɗauke da bokitin kwaɓaɓɓiyar ƙasa.

"Tashi. Kuka ba ya tare ruwa. Ƙarasa, ni zan bi bayanka da yaɓe."

Suka gama ana fara yayyafi. Su uku suka koma ɗakin baya suna kallon bango, ruwa na dukan rufi. Awa biyu ana tsugawa, sauran tsuntsayen ko gezau.

"Baba, zan iya zana fiffiken," in ji ta.

"A'a. A bar shi haka." Ya juya ga Aku. "Duk baƙon da ya tambaya, ka gaya masa wanda ya jawo."

"Zan faɗa, Baba."

"Na sani. Kowa yana ɓata abu, amma ba kowa ke tsayawa ya gyara ba. Ka turo manyanka."

Bayan damina aka ɗaura aure. Mama ta yi kukan daɗi har ɗankwalinta ya zame, Gwaggo na tsokanar ango wai yau wa ya ɗinke masa baki. Baba ya kama hannun nan mai kanta, ya haɗa da na 'yarsa.

"Ga amana na ba ka, ɗana. In kun ga tsaga a tsakaninku, kada ku rufe ta da gaggawa, ku bi ta a hankali. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari."

Aku ya buɗe baki zai yi godiya, kalma ɗaya ta ƙi fitowa. Amaryar ce ta amsa musu su biyu: "Amin, Baba."