Kumatun Kwaɗo

Sufeto ya tarar da gawar a ɗakin sauya kaya na gidan kiɗan jaz, a kan kujera, da alamar shaƙa a wuya. Dattijo ne mai busa ƙaho, ana masa laƙabi da Kwaɗo.

Kofur ya riga ya tsare mai hoton gidan, don ita kaɗai aka ga ta shiga ɗakin bayan an tashi daga wasan yamma.

"Ranka ya daɗe, a sandare na same shi," ta ce. "Alhali yanzun nan na gama ɗaukarsa yana busa."

Likita kuwa ya ce tun da rana mutumin ya cika. Sufeto ya juya ga makaɗan gidan. "To wa jama'a suka tafa wa?"

"Shi ne mana!" in ji mai ganga. "Da baƙar hularsa da tabaransa. Kullum sai an rage fitila yake hawowa, ba ya ce wa kowa uffan."

Ƙanin mamacin, shi ma mabushi ne, yana kusurwa yana matsar hawaye. "Ni ban ma zo wasan ba, yallaɓai. Zazzaɓi ya kwantar da ni."

Sufeto ya karɓi kyamarar. Hotunan duk duhu-duhu ne: hula, tabarau, ƙyallin ƙaho.

"Me ya sa ba haske?"

"Ya hana ni kunna walƙiya. Sai ya kai ƙarshen numfashi, yana kan busa, nake latsawa," in ji mai hoton.

Sufeto ya dubi tsoffin hotunan da ke bango. A kowanne kumatun dattijon sun kumbura tim. Ya sake duba na yau. Kumatun a lafe suke.

Ya miƙa wa ƙanin ƙahon. "Busa mana, malam."

Ƙanin ya busa a hankali. Sautin sak na mamacin, har mai ganga ya ja da baya yana salati. Kumatunsa ko motsi ba su yi ba.

"Kofur, saki mai hoton," in ji Sufeto.

Ƙanin ya sauke ƙahon. "Tun muna yara nake busa a bayan Yaya. Yau na roƙe shi ya bar min waƙa ɗaya tak, ya yi min dariya."

Ankwa ta shiga hannunsa. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Yallaɓai, sun miƙe tsaye suna tafa min. Amma sunansa suke kira."