Kalmar Da Tanweer Bai Faɗa Ba

"Rukhsar... rabin raina, ki dube ni mana."

Ban dube shi ba. Jalebi, alawar da ya ajiye a gabana, na zuba wa ido. Tanweer kenan, mijina ko tsohon mijina, ya danganta da wanda ka tambaya.

Tun farkon damina ya danƙara mini saki uku a numfashi guda, wai na je gidanmu ban tambaye shi ba. Limamin unguwarmu ya ce ukun nan ɗaya ne, in ya so zai iya mayar da ni kafin idda ta cika. Ita kuwa sabuwar dokar aure ta bai-ɗaya da aka kawo mana nan garinmu Dehradun cewa ta yi sakin baki ba saki ba ne, sai na kotu, kuma wanda ya yi, in an kai ƙara, yana iya ganin gidan yari.

Ko a waya bai neme ni ba. Sai da yayana Irshad ya tsaya a shagon mai shayi ya rantse zai je wurin 'yan sanda, sannan ga mutumina da turare da kayan zaƙi!

"Me ya kawo ka?"

"Kewarki mana, masoyiyata. Gidan nan ba ke kango ne."

Ammi, mahaifiyata, ta yi gyaran murya a bayan labule. Tun safe take ja mini kunne: "Tsoro ne ya kawo shi, 'yar nan, ba so ba. Kuma innarsa ta fara saye wa wata yarinya, Nagma, jan yadin amarya, an gan ta a kasuwar Paltan."

Wallahi ban so in yarda ba. Mutumin da ya taɓa ɗauko ni a babur cikin ruwan sama har garin Mussoorie don kawai na ce ina sha'awar gasasshiyar masara? Ina son shi, ba zan ɓoye ba. Son ne ma ya sa nake auna kowace kalma tasa.

"Ki haɗa kayanki mu tafi," ya ce. "Ai a wurin hukuma har yanzu matata ce ke."

"A wurin hukuma. A wurin Allah fa?"

"Haba Rukhsar..."

"Kalma ɗaya ce, ka san ta. Ka ce ka mayar da ni."

Ya sosa gemu, ya waiga ƙofa. "Mu je gida tukuna, sai mu yi maganar a natse."

Iddata ta kusa cika, kuma ya sani sarai. In na bi shi haka, makwabta su ga mata a ɗaki, ƙara ta mutu, ni kuwa in zauna da wanda ya haramta gare ni?

"Yaya labarin Nagma?" na tambaye shi.

"Wace Nagma? Sharrin mutane ne!"

Da sauri amsar ta fito, saurin ya yi yawa.

Na miƙe na ɗauko Alƙur'ani daga kan kanta, na rungume shi a ƙirjina.

"To ji nan. Na rantse ba zan kai ka ƙara ba, kuma ba zan bar Yaya Irshad ya kai ka ba. In rabuwa kake so, mu je kotu tare, in ce da yardata. Ba abin da zai same ka."

"Rukhsar! Kin haukace?" Ammi ta daka mini tsawa daga ciki.

Ban juya ba. Shi nake kallo yanzu, ido cikin ido, zuciyata na roƙon ya fusata, ya ce wane irin zance ne wannan, ya ce ko ɗaure shi za a yi ba zai rabu da ni ba.

"Yanzu ba sauran tsoro," na ce a hankali. "Sai ka faɗi abin da ke ranka."

Kafaɗunsa suka sauka. Ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, irin ta wanda aka sauke wa buhu daga ka.

"Da gaske kike?"

"Da gaske."

Ya kamo hannuna, idonsa har da ƙwalla. Ya daɗe yana magana, ni dai bakinsa kawai nake gani yana motsi. Da ya gama ya sa takalmansa, ya ce zai tambayi lauya ranar da ta dace.

Ammi ta yaye labule ta same ni tsaye inda ya bar ni.

"Me ya ce a ƙarshe? Ban ji ba. Ya mayar da ke?"

"A'a, Ammi," na ce. "Godiya ya yi mini."