Kiɗan da Idrisu Ya Naɗa a Kan Wa'azi

Ranar wata Litinin a ƙarshen Oktoban 2013, bayan alhazai sun watse daga Mina, wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda da azahar, ta ce an kashe mahaifinta a Nakkasa, wata unguwar baƙi a Makka.

Kurtun da ke kan kanta ya kira Sufeto Marwan. Marwan ɗan ƙasa ne, amma kakanninsa Hausawa ne, don haka duk ƙarar da ta gangaro daga tudun Nakkasa shi ake jibga wa.

"Sunanki?"

"Minnatullah Idrisu."

"Iƙama?"

Ta girgiza kai. Marwan ya ajiye biro. A Makka aka haife ta, a Makka ta girma, amma ba ta da katin zama ko na rantsuwa. Ga shi saura kwana shida wa'adin da aka ɗibar wa baƙi na gyara takardu ya cika, daga nan kuma sai kame da tarhil, wato tasa ƙeyar mutum zuwa ƙasar iyayensa.

"Kin san abin da shigowarki nan ke nufi?"

"Na sani, yallaɓai. Maigidana ma ya ce in bari a binne Abba, a ce faɗuwa ya yi. Shi ɗalibi ne, yana da iƙama, yana ta fafutukar a sa ni a cikin tasa. Ya ce zan ɓata komai. Amma wanda ya faɗi ba ya taka kayansa da ƙafa."

Mota ba ta hawa inda gidan yake. Marwan da likita suka bi matattakala da ƙafa, maƙwabta na ganin kaki suna shigewa gida. Wanda duk aka tare amsarsa ɗaya ce: tsoho ne, ya faɗi, Allah ya jiƙansa.

Gawar Baba Idrisu na kwance a gefen dakalin siminti a cikin ɗakinsa, ƙeyarsa a fashe. Ƙasa kuwa ta cika da baƙaƙen gutsattsarin faya-fayan garmaho. An zaro su ne daga tsofaffin haramai da yake naɗe su a ciki, an tattake su ɗaya bayan ɗaya.

A kan tebur akwai garmaho mai lantarki, kusa da shi rakoda, bakinta a buɗe, babu kaset a ciki. Katakon da ke jikin bango wayam yake, sai shacin ƙura.

"Me ke nan da?" Marwan ya tambaya.

"Kaset-kaset," in ji Minnatullah. "Sun fi ɗari biyu."

Ta ba shi labarin a tsaye a tsakar gida. Tun yana saurayi, Idrisu ya yi aikin kuku a wurin wani Ba'amurke ma'aikacin kamfanin mai a gabashin ƙasar. Mutumin ɗan Teksas ne, yana da wata jita da ake kwantarwa a cinya, a riƙa jan guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta, sai ta yi ta kuka kamar mutum. Da zai koma gida ya bar wa Idrisu faya-fayai tara na kiɗan rawar kaboyi. Shi ke nan ya ɗaura masa cuta. Shekara arba'in Idrisu na bin kasuwannin gwanjo na Jidda da Ɗa'if, duk faifan da aka ce akwai kukan wannan jita a ciki sai ya mallake shi.

"Zafi na lanƙwasa su," in ji ta. "Shi ya sa yake juye su a kaset. Ya ce ko faifai ya mutu kiɗan ya rayu."

"Yaya yake juyewa?"

"Ya kunna garmaho, ya kara rakoda a bakin lasifika. In ya fara, ko tari bai yarda a yi a gidan ba. Sau nawa ya kore ni don na ajiye cokali da ƙarfi."

Marwan ya sake leƙa ɗakin. Babu waya tsakanin na'urorin biyu. Ke nan duk abin da aka faɗa a ɗakin yana shiga kaset tare da kiɗan.

"Yau da safe yana juyewa?"

"Na bar shi yana shiri. Na tafi aikatau a unguwar Utaibiyya tun ƙarfe bakwai."

Wata tsohuwa maƙwabciya, Hajo, ta yi magana ta bayan ƙofa ba tare da ta buɗe ba. Ta ce da hantsi ta ga Kabo mai gwanjo ya hau da leda a hannu.

Washegari Marwan ya sami Kabo a rumfarsa, cikin tsofaffin fankoki da rediyo.

"Rabona da Idrisu mako guda," in ji Kabo.

"Baba Kabo, an gan ka jiya da hantsi."

"Wa ya gan ni?"

"Wanda ya gan ka. In rufe rumfar mu tafi ofis, ko za ka tuna a nan?"

Kabo ya tuna a nan. Ya share gumi da gefen hula.

"Faifai na kai masa. Shekara uku yana nemansa, na samo shi a kayan wani gida da aka rushe a Jidda. Wallahi da ya riƙe shi kamar ya tsinci zinare. Ya ɗora shi, ya danna rakoda, ya yi mini alama da hannu in fita. Halas, shi ke nan na fita."

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Iƙamata ta mutu tun bara, ya sidi."

"Kaset-kaset ɗinsa fa? Sun ɓace."

"Su wa zai sata? Ai ni nake sayar masa da su a buhu. Sabon kaset ya ƙare a kasuwa, kowa ya koma waya. Sai tsofaffi na wa'azi da tafsiri da shaguna suka zubar. Ya toshe ramin bayansu da salatif, ya naɗi kiɗansa a kai. Takardar jikinsu ma ba ya ɓarewa, lamba kawai yake sawa da jan biro."

Marwan ya rubuta wannan. Bai ga dalilin da zai sa mai gwanjo ya tattake hajar da yake ci da ita ba.

Mijin Minnatullah, Abdulwadud, yana zaune a tabarmar karɓar gaisuwa a lungun gidan. Mutumin Kano ne, shekararsa biyar yana karatun hadisi, fuskarsa a sake, maganarsa a tausashe. Marwan ya ja shi gefe.

"Ina kake jiya da safe, Malam?"

"Ina Harami wajen darasi, daga asuba har azahar."

"Kuna shiri da surukinka?"

"Uba ne a wurina. Na sha yi masa nasiha a kan kaɗe-kaɗen nan, amma nasiha ce kawai."

"Me ya sa ka hana matarka kawo ƙara?"

"Tsoron tarhil, yallaɓai. Ita nake ji."

Suna cikin magana iska ta turo wani yagaggen shafin jarida gabansu. Abdulwadud ya sunkuya ya ɗauka, ya karkaɗe, ya duba, ya ninke, ya cusa a tsagar bango can sama. Bai ma katse maganarsa ba.

"Akwai sunan Allah a jiki," ya ce, da ya ga Marwan na kallonsa.

Marwan ya yi masa ta'aziyya ya gangara. A tsakiyar matattakala ya tsaya. Wanda ya shiga ɗakin nan ya tattake faya-fayai masu rubutun Turanci, amma bai taka kaset ko ɗaya ba, domin kowanne da Bismillah a goshinsa. Irin wannan mutum ba zai jefa su a shara ba. Wuri ɗaya ake kai irin waɗannan kaya a unguwa.

A bakin masallacin unguwar akwai akwatin ƙarfe da ake zuba tsofaffin takardu masu ayoyi, a kwashe su lokaci-lokaci a binne. Ladan ya kawo makulli yana ƙunƙuni.

"Gobe masu kwashewa za su zo," in ji shi.

A saman tarin takardu akwai buhun shinkafa an ɗaure bakinsa tsaf. Cike yake da kaset, kowanne da jar lamba.

"Wa ya kawo wannan?"

"Ban gani ba. Wa ke tsare mai aikin lada?"

A ofis Marwan ya ware wanda ya fi kowanne girman lamba, ya sa a rakodar marigayin. Ya saurara sau ɗaya, ya kashe, ya fita ya wanke fuska. Shekara goma sha tara yana aikin nan, amma abin da ya ji ya tsaya masa a rai. Ya sa aka juye duka kaset ɗin a kwamfuta a matsayin shaida, ko da yake ɗaya kawai shari'a ke buƙata.

Ranar Laraba da safe ya kira Abdulwadud da Minnatullah, ya ce za su sa hannu a takardar karɓar gawa. Da suka zauna ya danna rakodar.

Jitar ta fara kuka, ganga na binta a hankali. Minnatullah ta dafe baki. Can aka ji ƙarar ƙofa, sai muryar tsoho ƙasa-ƙasa: "Shhh, ana naɗa."

"Baba, wannan kaset ɗin na tafsirin Baƙara ne," in ji wata murya. "Tafsirin Baƙara ka shafe?"

"Ai an zubar da su ne, ɗana. Malaman suna nan a waya. Wannan kuwa in ya tafi ya tafi."

Daga nan sai ƙarar fashewa, ɗaya, biyu, uku. Tsohon na cewa, "Bari, don Allah bari wannan." Aka ji kokawa, aka ji wani abu ya bugu da siminti.

Kiɗan bai tsaya ba. A ƙarƙashinsa ana jin nishin mutum, ana kuma jin ana zuba kaset a buhu, ba gaggawa. Minti shida ana haka. Sau biyu tsohon ya ce, "Ruwa." Sai taku ya matso, kaset ya yanke.

Marwan ya kashe rakodar.

"Muryar wa ke nan, Malam?" in ji Marwan.

Abdulwadud na kallon rakodar. "Na ɗauka faifan kawai take ɗauka."

"Malamin darasinku ya ce bai gan ka ranar Litinin ba. Muryar wa ce?"

"Tawa ce. Ban yi niyyar kashe shi ba. Ya riƙe mini hannu, na ture shi. Wata takwas ina kallo yana shafe karatu yana ɗora kiɗa, zuciyata na tafasa. Na ce in ceci abin da ya saura."

"Ya nemi ruwa."

"Na ji tsoro. Na ce in na kira mutane za a zo da 'yan sanda, a tafi da Minna."

Minnatullah ta juyo ta dube shi, karo na farko tun da aka kunna kaset ɗin.

"Malam, kai ka ce kai za ka wanke shi," ta ce. "Ka ce kai za ka ja sallarsa."

Kurata biyu suka shigo, suka sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya waiga kamar zai yi magana, suka wuce da shi.

Marwan ya daɗe yana jera takardun da ke gabansa, ko da yake a jere suke. Ya yi waya wurare uku tun jiya, duk amsar ɗaya ce. Takardar neman iƙamarta a kan sunan mijin take, mijin kuma ga inda ya nufa. Sunanta ya riga ya shiga fayil, fayil kuma ya wuce sama.

"Za a bar ki ki binne shi," ya ce. "Za a riƙe ki har ki ba da shaida a kotu. Bayan nan ba hannuna ba ne. Na yi iya yina, 'yar'uwa, ban iya ba."

"Na sani, yallaɓai. Da sanina na zo."

Wata jami'a ta tsaya a ƙofa tana jiranta. Minnatullah ta miƙe ta gyara niƙabinta.

"Ka taɓa zuwa Najeriya?"

"Ban taɓa ba."

"Ni ma," ta ce, ta bi bayan matar.