Abin da Ke Shanye Gishirin Tanki

Mai Kifi ya gaji da tankin nan, gajiyar da barci ba ya maganinta. Tankin gilashi ne babba a ɗakin jiran wani likitan haƙori, cike da ruwan gishiri da kifayen teku masu launi, shi kuma aka ɗauka yana kula da shi. Tun da aka kawo wani dutse mai ramuka daga teku aka saka ciki, kifayen ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Likita ya gama magana: in wani ya sake mutuwa, kada ya ƙara ganin ƙeyarsa. Aikin nan kuwa shi ke riƙe da gidan Mai Kifi.

Gishirin ne ya ɗaure masa kai. Ruwa ke bin iska, gishiri ya zauna, don haka ƙaruwa ya kamata ya yi. Amma duk zuwan da zai yi sai ya tarar ya ragu. Daga ƙarshe ya ɗora laifin kan na'urar awo, ɗan bututun nan da ake ɗiga wa ruwa a leƙa a ga inda layi ya tsaya. Ruwan gwajin da ake saita ta da shi ya ƙare, sai ya zauna a kicin zai haɗa nasa da ruwan batir da gishirin girki, a kan ƙaramin sikelin matarsa.

"Baban yara, yau kuma gishirin miyata ka koma wa?" in ji ta daga bakin ƙofa.

"Don Allah ki bari, awon zai ɓace mini."

"To, Allah Ya ba da sa'a. Kifi dai ya fi mu gata a gidan nan."

Ko murmushi bai iya ba. Ya auna, ya juya har ruwan ya yi garau, ya ɗiga, ya saita layin a kan talatin da biyar. Ya ɗura sauran a kwalba ya murɗe marfin tamau.

Ana daf da magariba ya isa asibitin, an riga an tashi. Baba maigadi ya buɗe masa ya zagaya baya zai yi alwala. Ɗakin na warin magani, babu haske sai shuɗiyar fitilar tankin, babu ƙara sai gunjin famfon ruwa.

Ya buɗe kwalbar, ya ɗiga, ya ɗora ido. Layin yana can ƙasa, kan sifili.

Ya goge gilashin ya sake. Sifili. Ya tsoma yatsa ya lasa. Ruwa ne zalla, ko ɗigon gishiri babu, alhali da hannunsa ya zuba shi.

Famfon ya tsaya.

Warin maganin ya gushe, wani ƙarni mai sanyi ya cika ɗakin. Kifayen da suka rage duk sun cure a lungu guda, nesa da dutsen. Daga ramukansa kumfa ke fitowa a hankali, kamar numfashi.

"Bai isa ba."

Raɗa ce, kuma daga cikin ruwan ta fito.

"Wa... waye?" 

"Kun raba ni da gida. Ruwanku salam yake."

Gumi ya keto masa. Sai wani abu mai sanyi da kaushi, kamar harshen kyanwa, ya sauka a ƙeyarsa ya lashe har bayan kunne.

Ya buɗe baki zai yi addu'a.

Aka lashi goshinsa. Aka lashi idanunsa.

Ya zube a gwiwa.

Buhun gishirin teku na jingine a gindin tankin. Ya san in ya juye shi gaba ɗaya babu kifin da zai kai safe, ya kuma san me hakan ke nufi ga gidansa. Harshen ya gangaro wuyansa.

Ya kinkimi buhun ya juye.

Ruwan ya yi fari fat. Sanyin ya sake shi, ya ji ana zuƙa, ana zuƙa. Da rarrafe ya kai ƙofa, inda Baba maigadi ya tsince shi yana salati.

Washegari kifayen duk sun juya ciki sama. Likita ya faɗi abin da zai faɗa, Mai Kifi ya tattara kayan aikinsa ya fito, don ko ya yi bayani wa zai yarda? Ya dawo gida ya zauna a bakin gado. Matarsa ta dube shi sau ɗaya ta gane, ta zauna gefensa ba tambaya. Baƙin ciki ya ci ƙarfinsa, hawaye ya gangaro har bakinsa.

Ya lasa, ya ɗago yana kallonta.

"Mene ne, Baban yara?"

"Babu gishiri," ya ce.