Na Huɗu a Gidan Tahiru

Rana ta riga ta yi sanyi, masu soya, wato tsire, na bakin titin Briqueterie, tsohuwar unguwar masu bulo, sun fara iza gawayi, lokacin da ma'aikaciyar ƙidaya ta yi sallama a gidan Tahiru mahauci. Maigidan bai dawo daga mayankar Etoudi ba. Matarsa Adawiyya ce ta shimfiɗa wa baƙuwar tabarma, 'yarsu Afra'u ta kawo ruwa.

Fatiha sunan ma'aikaciyar. Da Hausarta mai gauraye da Faransanci ta ce gwamnati na son sanin yawan jama'a don ta lissafa ajin makaranta da gadon asibiti da famfon da za a buƙata nan da shekara ashirin.

"Mama, mutum nawa ke kwana a gidan nan?"

"Mu huɗu ne," in ji Adawiyya.

Afra'u ta sunkuyar da kai. Su uku ne. Na huɗun, ɗan farin Adawiyya, shekara shida ke nan da ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, kuma tun wayarsa ta ƙarshe ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Amma uwar ba ta daina share ɗakinsa ba, kullum sai ta zuba tuwo a kwanonsa ta rufe. Sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba, saboda kunyar ɗan fari. Da aka nemi suna, Afra'u ce ta faɗa a hankali. Fatiha ta shigar a na'urarta, ta rubuta lambar gida da alli a jikin ƙofa, ta ƙara huɗu a ƙasa, ta wuce.

Ana sallame magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufin ɗakin ɗan farin. Tahiru ya zagaya da tocila, bai ga kowa ba. Washegari aka sake, daidai lokacin. Rana ta uku Adawiyya ta buɗe kwanon tuwon ta tarar da shi fes, kamar an lashe. Abin tausayi, ba tsoro ta ji ba. Murna ta yi, ta ƙara nama a miyar gobe.

Sai abin ya koma kan Afra'u. Yarinyar da surutunta ke cika tsakar gida ta yi shiru, ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin yayanta. Da rana sai kallon bango. Da almuru sai ta fito ta zauna yadda maza ke zama, ta ce da muryar da ba tata ba, "Inna, ina tuwona?" Ta cinye, amma jikinta sai ƙara zubewa yake, har awarwaronta ya fara sulluɓewa daga hannu. An kai ta asibiti sau biyu, ba a ga komai ba.

Tahiru ya tafi unguwar Ekoudou ya ɗauko Malam Haman, tsoho mai ƙarancin magana. Malam ya zauna gaban yarinyar bayan la'asar yana karatu, bai ɗaga murya ba, har inuwa ta cinye tsakar gidan. Can Afra'u ta yi wani nishi mai nauyi.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Tsohon ɗan unguwa. Ina nan tun ana haƙar ƙasar bulo."

"Me ya kai ka gidan mutane?"

"Ban fasa ƙofa ba. Na ji an ce huɗu, aka rubuta. Na leƙa na ga uku, ga ɗaki a share, ga tuwo a rufe. Baki kawai na rasa, na ari na yarinyar."

"Za ka fita."

"Zan fita, in wadda ta buɗe wurin ta rufe shi. Ta kira mai wurin da sunansa, ta ce ba ya gidan nan. In ta ƙi, kafin damina ta wuce za ku koma biyu da ni."

Adawiyya ta rarrafo. "Yana da rai?"

"Kada ki tambaye shi, Hajiya," in ji Malam. "Aljanu ba su da gaskiya."

Muryar ta yi dariya. "Ban san shi ba. Wurinsa kawai na sani."

Tahiru, mutumin da ke kayar da bijimi, ya juya ya fuskanci bango yana kuka. Adawiyya ta dubi hannun 'yarta, ta daɗe tana dubansa. Shekara ashirin da takwas tana ɓoye sunan nan a ƙirjinta.

"Awwal," ta ce. "Awwal ba ya gidan nan. Mu uku ne."

Afra'u ta yi atishawa sau uku, ta zube a cinyar uwarta, ta nemi ruwa da muryarta ta da. Dutse bai sake faɗowa ba.

Da safe Adawiyya ta jiƙa tsumma ta goge huɗun da ke ƙofa. Ta bi lungu lungu har ta iske Fatiha a wani gida, ta roƙe ta ta gyara.

"Ayya, Mama, wannan ya riga ya tafi *bureau*, can babban ofis, ba ya hannuna. Yana cikin lissafi yanzu. Kowace shekara za su ƙara masa shekara, har 'ya'yan da ake sa ran zai haifa za a tanadar wa benci a makaranta."

Adawiyya ta kama hanyar gida. Wato a takardun gwamnati ɗanta zai ci gaba da girma, ya yi iyali, ya yi furfura. A gidan uwarsa ne kaɗai ya ƙare, kuma da bakinta.

Da yamma ta jera kwanuka za ta raba tuwo. Hannunta ya ɗauko na huɗu kafin ta tuna. Ta riƙe shi ɗan lokaci, sannan ta kife shi a ƙarƙashin gado.