Kujerar Kaka Damaris

Akwai wata yarinya a Kafanchan, 'yar aji biyar a firamare. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa ke ce mata Auta. Tana da ƙoƙari, ba laifi. Amma tana da wani hali mai ban haushi: abin da ƙawaye za su ce ya fi damunta da komai.

Yayanta Meshak mawaƙi ne. Bara ya je Nok, ƙauyen kakarsu Damaris, lokacin da ake tsaga citta. A can mata kan zauna a inuwa da ƙananan wuƙaƙe. Suna tsagawa, suna shanyawa, suna waƙa don kada aikin ya gundure su. Kaka Damaris ke ba da waƙa, saura su amsa. Meshak ya ɗauki bidiyonsu, ya ɗora kiɗansa a kai.

Ran nan sai ga labari mai daɗi. An zaɓi bidiyon ya shiga takara a bikin ba da kambu na mawaƙa a Abuja. Za a nuna bikin kai tsaye a talabijin, ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma.

Kafin Meshak ya tafi Abuja, ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. A kawo Kaka ta kalla. Waƙarta ce, ba tawa ba."

Kaka ba ta da waya, ba ta da talabijin. Sai Mama ta kira yarinyar.

"Auta, in kin tashi daga makaranta ki bi ta tasha. Ki gaya wa Azariya direba mai zuwa Nok ya taho mana da Kaka ranar Jumma'a."

"To, Mama."

"Kin ji ko? Kada ki manta."

"Na ji mana!"

Ba ta manta ba. Da mantuwa ce, da da sauƙi. Ta riga ta gayyaci ƙawayenta biyu, Martina da Maijidda, su zo kallo. A hanya sai ta tuna ranar ba da kyaututtuka a makarantarsu. A ranar, da aka kira sunanta, Kaka ta rangaɗa guɗa, ta shiga tsakiyar fili tana rawa. Yara suka yi ta dariya har sati guda.

Ta hango motar Azariya a tasha. Ta sunkuyar da kai, ta wuce abinta.

Ranar Jumma'a Kaka ba ta zo ba. Mama ta tambaya, "Kin faɗa masa kuwa?"

"Na faɗa," in ji ta. Kun ji, laifi ɗaya ya zama biyu.

"To, wataƙila aikin citta ne ya riƙe ta," in ji Baba. Duk da haka ya ajiye mata kujera mai matashi a gaban talabijin, ko za ta zo da safe.

Asabar da yamma falo ya cika. Maƙwabta har bakin taga. Aka fara biki. Wata mawaƙiya ta ci kambun rawa, ta hau dandamali da takalmi mai tsini kamar ƙusa. Wani saurayi ya ci na sabon mawaƙi, ya gode wa kowa har da mai yi masa aski. Mutane suka yi ta dariya.

Sai aka zo kan bidiyon waƙar gargajiya. Aka nuna Kaka Damaris zaune a kan turmi, wuƙa a hannu, tana rera waƙa da yarensu na ƙabilar Ham.

"Kai! Wace ce wannan?" in ji Maijidda. "Ji murya!"

"Dubi hannunta," in ji Martina. "Ko kallon wuƙar ba ta yi!"

Mai gabatarwa ya buɗe ambulan. Ya kira sunan Meshak.

Ihu ya tashi. Mama ta ɗaga hannu tana cewa, "Mun gode wa Ubangiji!" Meshak ya karɓi kambun.

"Wannan ba nawa ba ne," in ji shi. "Na Kaka Damaris ne, da matan Nok masu tsaga citta. Kaka, na san kina kallona yanzu. Na gode, Kaka. Na gode."

Kowa ya juya ya dubi kujerar nan. Babu kowa a kai sai matashi.

Yarinyar ta juya wajen Mama. Ta fashe da kuka.

"Mama, ban faɗa wa Azariya ba. Ƙarya na yi."

"Me kika ce?"

"Na ji tsoro za ta yi guɗa, a yi mini dariya."

Mama ta riƙe baki. "Guɗa? Matar da ta goya ki shekara biyu? Da cittar wa aka ɗinka miki rigar makarantar nan?"

Martina ta ce, "Haba! Ni da kakata ce a talabijin, ai har gaban hedimasta sai na yi rawa."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya nuna rubutun da ke wucewa a ƙasan talabijin. "Karanta."

Ta share hawaye ta karanta. Za a maimaita shirin gobe Lahadi da ƙarfe huɗu.

"Ke za ki je ki ɗauko ta," in ji Baba. "Kuma da bakinki za ki gaya mata abin da kika yi."

Washegari, ana tashi daga sujada a coci, ita da Baba suka nufi gidan Azariya. Ba ya aiki ranar Lahadi. Amma da ya ji maganar, sai ya ɗauki makulli. "Don Mama Damaris? Ku shiga mu tafi."

Suka tarar da Kaka tana juya citta a kan tabarma. Yarinyar ta durƙusa.

"Kaka, an aike ni a zo da ke. Ban kai saƙon ba. Kunyar guɗarki na ji. Ki yafe mini."

Kaka ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta fito da sabon zani a ninke.

"Meshak ya ce za a aiko," in ji ta. "Kullum Azariya ya wuce sai na tambaye shi. Jiya na mayar da wannan cikin akwati. Na ce sun manta da tsohuwa."

Yarinyar ta ƙara kuka. Kaka ta ɗago ta da hannunta mai ƙanshin citta.

"Tashi, ƙawata. Kin zo da ƙafarki, kin faɗi gaskiya. Na gode da wannan. Ƙarfe nawa ne abin?"

Sun iso Kafanchan huɗu saura kaɗan. Falo ya fi jiya cika. Yarinyar da kanta ta gyara matashi, ta zaunar da Kaka.

Da Kaka ta ga kanta a talabijin, ta ce, "Wayyo! Da tsohon ɗankwali yaron nan ya ɗauke ni?" Da Meshak ya ce, "Na san kina kallona," sai ta amsa da ƙarfi, "Ina kallo, mai gidana! Ga ni nan!"

Sannan ta dubi jikarta. "An yarda in yi?"

Yarinyar ta miƙe tsaye. Ta kama hancinta, ta yi guɗar da kanta. Ba ta iya ba, sai ta fita kamar kukan zakara mai mura. Falo ya kaure da dariya, har da ita. Kaka ta ce, "Matsa ki ga yadda ake yi." Ta rangaɗa wadda aka ji har bakin titi.

"Kaka, mu ma ki koya mana!" in ji Maijidda.

Yara, ku ji da kyau. Kada ku taɓa jin kunyar wanda ya yi wahala dominku. Ku gode masa tun yana ji da kunnensa. In kuma kun yi laifi, ku faɗi gaskiya da wuri, ku gyara da kanku.