Zagin da Lasina Ke Jira

A wajen mai sayar da wake Nopoko ta fara ganin Lasina Drabo, zaune a kekensa na hannu, ƙafafun da shan inna ta shanye a lanƙwashe. Tana ɗaga kyamara ya ce, "Ke 'yar Mosi, kin nemi izinin ubangidanki Samo?"

"Rufe min baki, mai cin kare!"

Suka tuntsire da dariya. Soyayya dai ta ƙullu.

Kowa a Wagadugu ya san Mosi da Samo abokan wasa ne, ba sa haɗuwa ba zagi. Amma ranar da Lasina ya je gaishe da mahaifinta, Baba Kafando ya ja da baya, ya ce a hankali, "Sannu, bawan Allah. Allah ya ba da lafiya." Ko zagi ɗaya babu. Lasina ya gane tausayinsa ake ji, ba za a ba shi mata ba.

Sai suka ɗaure kyamara a ƙirjinsa, suka yi fim marar magana. Ba fuska a ciki, sai gwiwoyi da takalman mutane, sai hannunta cikin nasa. Har takalman Baba sun fito, suna ja da baya ranar da Lasina ya sake zuwa gaishe shi.

Ranar nuna fim Nopoko ta turo wa Lasina saƙo: "Sanyin idona, Baba ya zo. Tsoro nake ji. In ya gane takalmansa mun shiga uku."

Ya amsa: "Ni ma tsoro nake ji, zumata. Kar ki fita."

Baba kuwa ya gane. Ta ga ya sunkuya ya dubi ƙafarsa. Da aka kunna fitila, tsohon ya taho ya tsaya kan Lasina, fuska a murtuƙe. Nopoko ta riƙe hannun keken tana hawaye.

Can Baba ya ce, "Kai ɗan Samo, ɓarawon banza! Ka sace min 'ya, ka sace min takalmi?"

Lasina ya ce, "Kayan bawana ai nawa ne."

"Marar kunya! Turo tsofaffinku, in ba su cinye karnukan gari sun kasa tashi ba."

Ranar ɗaurin aure sai da Baba ya zage shi tas, sannan ya dafa kansa ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ɗana."